Zanen Tsofaffin Akwatunan Gem: Wa Ke da Haƙƙinsa, Kuma Ina Hatsarin Yake ga Mai Kwafa?

A darasinmu na yau za mu leƙa wani lungu na duniyar gem da ba kasafai ake magana a kansa ba, wato zanen da ke jikin tsofaffin akwatunan gem masu cin tsaba. Waɗannan su ne dogayen injinan da suka cika shaguna da gidajen wasa a Amurka da Japan tun daga ƙarshen shekarun 1970 har zuwa tsakiyar shekarun 1990, waɗanda mutum zai tsaya a gabansu ya jefa tsabar kuɗi kafin wasa ya fara. Space Invaders na kamfanin Taito ya fito a 1978, Pac-Man na Namco a 1980, Donkey Kong na Nintendo a 1981, sai Street Fighter II na Capcom a 1991.

Yau waɗannan injina sun zama kayan tarihi, kuma akwai jama'a da dama a Amurka da Turai da suka mayar da farfaɗo da su abin sha'awa. Mutum zai sayi akwatin da ruwa ya ci, fentinsa ya koɗe, ya gyara katako da wayoyi, in ya zo kan zane sai ya tsaya cak, domin an daina buga shi shekaru arba'in da suka wuce. Mafitar da aka samo ita ce wanda nasa akwatin ke da kyau ya ɗauki hoton zanen da sikana, wani gwanin CorelDRAW ko Illustrator ya sake bin layukan, a ɗora fayil ɗin a intanet, kowa ya sauke ya kai wa mai buga sitika. Wasu ma ba su da tsohon inji, sabon akwati suke haɗawa da 'yar kwamfutar Raspberry Pi da manhajar MAME, su lulluɓe shi da zanen Pac-Man. A ido, aikin alheri ne na ceton tarihi. A doka kuwa, kusan kowane mataki da na lissafa kwafi ne na abin da yake da mai shi, sai dai nauyin hatsarin ya bambanta sosai daga mataki zuwa mataki.

Abin da ake kwafa

Akwatin gem yana da zane a wurare da dama. Akwai allon goshi, wanda ke can sama da fitila a bayansa, ɗauke da sunan wasan. Akwai zanen gefe, wanda shi ne mafi girma, wani lokaci ya rufe akwatin daga sama har ƙasa. Akwai firam ɗin da ya zagaye allon kallo, da shimfiɗar da ke ƙarƙashin maɓallai da sandar sarrafawa, wadda ta fi saurin lalacewa saboda gumin hannu da wutar sigari. Sai takardun talla da kamfanoni ke aika wa masu gidajen wasa.

An ba zanen muhimmanci ne saboda hoton da ke kan allo a wancan zamani 'yan ɗigo-ɗigo ne kawai. Zanen jikin akwati shi ke gaya wa mai wasa cewa wannan ɗigon jarumi ne, wancan dodo ne. Shi ya sa kamfanoni suka ɗauki ƙwararru: George Opperman, wanda ya zana tambarin Atari, ya jagoranci sashen zane na kamfanin, Python Anghelo kuma ya yi zanen Joust a kamfanin Williams a 1982. Mai karatu ya riƙe wannan: zanen da ma'aikaci ya yi a bakin aikinsa, dokar Amurka kamfanin take ɗauka a matsayin wanda ya zana shi.

Injin naka ne, zanen ba naka ba ne

Hujjar farko da masu gyara ke kawowa ita ce, "Ai da kuɗina na sayi injin." Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1976 ta raba abu biyu a nan. Mallakar katakon da aka yi zane a kansa daban, mallakar haƙƙin zanen daban. Sashe na 109 ya ba wanda ya sayi halastaccen kwafi damar ya sayar da shi, ya kyautar, ko ya ajiye shi a shago kowa ya gani. Saboda haka cinikin tsohon allon goshi na asali a eBay babu laifi a cikinsa. Sashe na 113 ma ya ba da damar ɗaukar hoton kayan amfani da ke ɗauke da zane domin tallar sayar da su ko domin rahoton labarai, wato za ka iya ɗaukar hoton akwatinka ka saka a kasuwa.

Inda damar ta ƙare shi ne samar da sabon kwafi. Kamar littafi ne: ka saya, ka karanta, ka ba wani aro, amma in shafi goma suka yage ba ka da ikon sake buga littafin. Wasu kan fake da sashe na 117, wanda ya yarda mai manhajar kwamfuta ya ajiye kwafin ko-ta-kwana. Wannan sashe na manhaja ne kaɗai, bai shafi zane ba.

A aikace, wanda ya buga sitika guda ɗaya ya manna wa injinsa a gida shi ne mafi ƙarancin hatsari a duk cikin masu wannan harka. Ba wanda ya sani, kuma asarar da ya jawo wa kamfani ba ta kai kuɗin lauya na awa ɗaya ba. Amma rashin kama shi bai mayar da abin halas a doka ba.

Lissafin shekaru

Hujja ta biyu ita ce tsufa. A Amurka, haƙƙin aikin kamfani yana ɗaukar shekara 95 daga fitowarsa. Da 75 ne, aka ƙara 20 a 1998. Fim ɗin Steamboat Willie, inda Mickey Mouse ya yi suna, ya fito a 1928, bai zama na kowa da kowa ba sai ranar 1 ga Janairun 2024. In muka bi wannan lissafi, abin da aka fitar a 1978 sai 2074 zai kuɓuta, na 1980 kuma sai 2076. A Japan, tun ƙarshen 2018 wa'adin aikin kamfani ya koma shekara 70 daga 50, wato zanen 1980 yana da kariya har ƙarshen 2050.

Akwai wata 'yar ƙofa da ya kamata a ambata. Kafin watan Maris na 1989, dokar Amurka ta wajabta a saka alamar haƙƙin mallaka, wato harafin C cikin da'ira da shekara da sunan mai shi, a jikin abin da aka fitar. Wanda bai saka ba, kuma bai gyara kuskuren cikin shekara biyar ba, yana iya rasa haƙƙinsa. Wasu takardun talla da zanen ƙananan kamfanoni na iya faɗawa nan. Sai dai manyan kamfanoni sun saba saka alamar, kuma a 1996 Amurka ta mayar wa ayyukan ƙasashen waje da yawa kariyar da suka rasa ta wannan hanya, ciki har da na Japan. Tabbatar da cewa wani zane ya kuɓuta aikin lauya ne, ba a yanke shi da duban hoto.

Kamfani yakan mutu, haƙƙi ya yi gado

Hujja ta uku ita ce ta fi yaudarar mutane: "Kamfanin ya rufe, wa zai kai ni ƙara?" Idan kamfani ya karye, haƙƙoƙinsa kadara ne kamar fili da mota, ana sayar da su a biya masu bin bashi.

Dubi Atari. A 1984 aka raba shi gida biyu. Ɓangaren na'urorin gida ya koma hannun Jack Tramiel, daga baya Hasbro ya sayi sunan da wasannin a 1998, sannan kamfanin Infogrames na Faransa ya saye su a 2001, shi ne yau ke amsa sunan Atari. A hannunsa Asteroids da Centipede suke. Ɓangaren akwatunan gem kuwa ya zama Atari Games, ya shiga hannun masu Midway a 1996, da Midway ya karye a 2009 kuma Warner Bros. ya kwashe mafi yawan kadarorinsa. Ke nan akwatin Centipede da na Gauntlet duk suna ɗauke da tambarin Atari, amma masu su daban-daban ne, ɗaya a Faransa, ɗaya a Amurka. Taito yana ƙarƙashin Square Enix tun 2005. Data East ya karye a 2003, G-Mode ya sayi mafi yawan wasanninsa. Double Dragon na Technos yana hannun Arc System Works tun 2015. Q*bert na Gottlieb yana hannun Sony, ta hanyar kamfanin fim na Columbia.

Ko da an rasa gane magajin, doka ba ta sake zanen ba. Ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya fitar da rahoto a 2006 da 2015 kan ayyukan da aka rasa masu su, amma majalisa ba ta yi dokar da ta warware matsalar ba. Dogon shirun mai haƙƙi ma ba ya kashe haƙƙinsa. A shari'ar Petrella da MGM a 2014, Kotun Ƙolin Amurka ta ce jinkirin kai ƙara ba ya hana neman diyya kan kwafin da aka yi cikin shekara uku na baya-bayan nan. A ganina wannan shi ne ginshiƙin darasin: kasuwar sake buga zanen nan kusan gaba ɗayanta a kan kawar da kan kamfanoni take tsaye, kuma mai kawar da kai yana iya waiwayowa ranar da ya ga kuɗi a wurin. Kuɗin kuwa sun bayyana. Tun 2018 kamfanin Arcade1Up ya fara sayar da ƙananan akwatuna masu zanen asali, da lasisin da ya biya. Daga ranar da wani ya fara biyan kuɗin lasisi, mai bugawa kyauta ya zama kishiya.

Zane ɗaya, masu haƙƙi da yawa

Wani zanen ma ba mutum ɗaya ke da shi ba. Akwatin Tron na 1982 Bally Midway ya ƙera shi, amma fim ɗin na Disney ne. Star Wars na 1983 Atari ya yi shi, taurarin kuwa na Lucasfilm ne, wanda Disney ya saya a 2012. Teenage Mutant Ninja Turtles na 1989 na Konami ne, kunkurayen kuma Nickelodeon ya saye su a 2009. Tapper na farko tambarin kamfanin giya na Budweiser ne a jikinsa. Wanda ya buga irin wannan zane ya taka ƙafar mutum biyu ko uku a lokaci guda.

Labarin Ms. Pac-Man ya isa misali. Wasu matasa ne a kamfanin General Computer Corporation suka fara shi da sunan Crazy Otto, Midway ya fitar da shi, haƙƙin ya koma hannun Namco, su kuma matasan suka riƙe wani kaso na riba. A 2019 kamfanin AtGames ya sayi wannan kaso, a shekarar kuma Bandai Namco ya maka shi a kotu a Kalifoniya, cikin zarge-zargen har da haɗa samfurin ƙaramin akwatin Ms. Pac-Man ba da izini ba. An sasanta a 2020. Daga 2022, a sabbin fitowar wasu tsofaffin wasanni, an ga wata mai suna Pac-Mom a gurbinta. In manyan kamfanoni masu lauyoyi suna sarƙewa haka, ina ga mai shagon sitika.

Sannan ga alamar kasuwanci, wadda doka ce daban. Suna da tambari irin su Pac-Man, Nintendo da Atari ba su da wa'adi muddin ana amfani da su ana sabunta rajista. Allon goshi kuwa kusan duk tambari ne. Idan alamar tana da rajista ga irin kayan da ka buga, kuma ka sayar, ana iya kiransa jabu, kuma a Amurka diyyar jabun da aka yi da gangan tana iya kaiwa dala miliyan 2 kan kowace alama. Rubuta "wannan kwafi ne" a ƙasan talla yana rage zargin yaudarar mai saye, amma ba ya taɓa batun haƙƙin zane ko kaɗan. Abin lura, alamar kasuwanci tana iya mutuwa in an daina amfani da ita, shekara uku ma sun isa hujjar farko a Amurka. Haƙƙin zane ba ya mutuwa ta wannan hanya, kuma mutane da yawa suna cakuɗa biyun.

Wanda ya sha wahalar sikana fa?

Wannan yakan jawo rigima tsakanin masu sha'awar kansu. Wani zai kwashe makonni yana haɗa hotunan sikana, yana goge tsatsa da ƙarce, yana daidaita launi. Sai ya ga wani ya sauke fayil ɗin yana sayarwa, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Zai iya kai ƙara? Da wuya. A shari'ar Bridgeman da Corel a 1999, wata kotu a New York ta ce kwafin da aka yi don ya zama daidai da zanen asali ba shi da sabon haƙƙi, komai wahalar da aka sha, domin doka ƙirƙira take karewa. Iya kusancin aikinka da na asali, iya raunin da'awarka. Kuma sashe na 103 ya hana kariya ga ɓangaren aikin da aka gina kan kayan wani ba da izini ba.

Amfani bisa adalci

Sashe na 107 ya yarda a yi amfani da aikin wani ba da izini ba a wasu yanayi, kamar sharhi, koyarwa, bincike da labarai. Kotu tana duba manufar amfanin, da irin aikin, da yawan abin da aka ɗauka, da illar da aka yi wa kasuwar mai shi. Shari'ar da ta fi kusa da batunmu ita ce ta Bill Graham Archives da Dorling Kindersley a 2006. Wani littafin tarihin mawaƙan Grateful Dead ya saka hotuna guda bakwai na tsofaffin fastocinsu da tikitinsu, an ƙanƙanta su, an jera su cikin bayanin tarihi. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce ya halatta, domin an yi amfani da su a matsayin shaidar tarihi, kuma ba wanda zai yanke su ya manna a bango a madadin fastar gaske.

Auna wannan da fayil mai cikakken girma da aka shirya don bugawa. An ɗauki zanen duka, don ya yi aikin da na asali ya yi, wato ƙawata akwati. Hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar gidauniyar Andy Warhol da Goldsmith a 2023 ya ƙara tsananta wannan: idan manufar kwafi ɗaya ce da ta asali kuma akwai ciniki a ciki, hujjar tana rauni. Saboda haka ƙaramin hoto cikin maƙala ko bidiyon tarihin gem yana da madogara mai kyau. Rumbun fayilolin bugawa ba shi da ita, ko da kyauta ake rabawa, domin rarrabawa kanta haƙƙin mai zane ce.

Abin da ke faruwa a zahiri

Matakin da aka fi gani shi ne takardar neman cirewa a ƙarƙashin dokar DMCA ta 1998. Mai haƙƙi zai rubuta wa dandalin da aka ɗora abin, dandalin ya cire don ya tsira da kansa. Dokar ta kuma sa dandali ya kori mai maimaita laifi. A YouTube gargaɗi uku cikin kwana 90 suna iya rufe tasha, eBay kuma yana da shirin VeRO na cire kaya.

In aka je kotu, mai haƙƙin da ya yi rajista a kan lokaci ba sai ya nuna asarar da ya yi ba. Doka ta ƙayyade dala 750 zuwa 30,000 kan kowane aiki, har zuwa 150,000 in da gangan ne. A lura, kan kowane aiki ne. Rumbu mai zane 200, ko a mafi ƙarancin kuɗi, ya kai dala 150,000. Shari'o'in da suka fi yin suna kan manhajar wasannin ne, wato ROM: a 2018 masu shafukan LoveROMs da LoveRETRO sun amince da hukuncin biyan Nintendo sama da dala miliyan 12, a 2021 kuma kotu ta ɗora wa mai RomUniverse sama da miliyan 2, wani ɓangare saboda alamar kasuwanci. Dokar da ta kama su ita ce ke kan zane, kuma wanda ya haɗa akwati da zanen wani da ɗaruruwan ROM a ciki ya sayar ya haɗa laifi biyu.

Mai zane a Kano ko Maraɗi zai iya cewa wannan rigimar Amurkawa ce. Gaskiya ne da wuya lauyan Tokyo ya zo neman gidan gem a unguwa saboda hoton Ryu a bango. Amma Najeriya ta shiga yarjejeniyar Berne tun 1993, Nijar da Ghana da Kamaru ma suna ciki, wato zanen Japan da Amurka yana da kariya a gida. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris ɗin 2023, ta kawo tsarin cire abu daga intanet, kuma hukumar haƙƙin mallaka ke kula da ita (kada a haɗa ta da hukumar sadarwa, duk da gajeren sunansu ɗaya ne, NCC). Hatsarin da ya fi kusa yana kan masu aiki a Fiverr, Upwork ko Etsy. Wani daga waje zai turo hoton zanen akwati ya ce a sake bin layukansa, ko kai da kanka ka jera fayilolin kana sayarwa. Akwai salon ƙara da ya yawaita a kotun tarayya ta Chicago, inda mai alama ke haɗa masu sayarwa da yawa na ƙasashen waje a ƙara ɗaya, kotu ta sa a daskarar da kuɗinsu a dandali tun kafin su ji labari. Ba sai an zo ƙofar gidanka ba, kuɗin da shagon duk suna hannun kamfanin da ke bin umarnin kotun.

Mai son haɗa akwati yana da hanya mai tsabta. Doka ba ta kare salo: launuka masu ƙyalli, layukan tsere, taurari da jiragen sama jannati irin na shekarun 1980 duk na kowa ne, muddin ba ka ɗauki tauraron wasa, tambari ko tsarin wani takamaiman zane ba. In na asali kake so, nemi mai sayarwa da ya faɗi sunan kamfanin da ya ba shi lasisi. In aikin wani ne aka kawo maka, ka tambayi takardar izini, ka ajiye amsar a rubuce.

In kuma takardar cirewa ta riga ta iso, kada ka yi gaggawar danna maɓallin mayar da martani. Martanin rantsuwa ce cewa kuskure aka yi wajen cirewa, dole ka saka sunanka da adireshinka na gaskiya, za a miƙa su ga mai ƙorafin, kuma wanda ke zaune a wajen Amurka yana amincewa ne a yi masa shari'a a kotun tarayya ta duk inda dandalin yake. Daga nan mai haƙƙi yana da kwanakin aiki 10 zuwa 14 ya shigar da ƙara kafin a mayar da fayil ɗin.